Neman shawara: jitar Eric Clapton ko Stratocaster irin ta 1957?

Mai Tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa. Ina neman shawararku kafin in saki kuɗin da na daɗe ina tarawa. Ina kaɗa jitar lantarki, yawanci bulus da rok na da, kuma wadda ke hannuna ta masu koyo ce, ta yi min iya yinta. Sautin da nake bi shi ne na Stratocaster, samfurin jitar kamfanin Fender, irin wanda ake ji a kiɗan Eric Clapton, makaɗin jita ɗan Ingila, na farkon shekarun 1970: siriri, tas da shi, amma yana da ɗan cizo idan ka daki tsirkiya da ƙarfi.

Jita biyu ne a gabana. Ta farko Fender Eric Clapton Stratocaster ce, baƙa, ta hannu, amma mai ita ya riƙe ta da kyau, ga sa hannun Clapton a kanta. Ta biyu sabuwa ce, American Vintage II, wadda aka kwaikwayi ƙirar 1957. Kuɗinsu ba su yi wa juna nisa ba. Zuciyata tana ga ta Clapton, don a ganina ba wanda ya kai mai sautin sanin abin da ke fitar da shi. Sai wani abokina ya ce min wai akwai batir a cikinta, kuma jita mai batir ba ruwanta da sautin da. Hankalina ya rabu biyu. Don Allah waɗanda suka taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu su taimaka min.

Mai Gyaran Jita:

Wa alaikumus salam. Abokinka bai yi ƙarya ba, ɗan'uwa. Batir mai bolt 9 na nan a bayanta, ƙarƙashin murfin roba da ke rufe sifirin ɗin tiremolo, wato na'urar nan mai sanda da ke girgiza sautin tsirkiya. Na buɗe irinta a kan teburina, don haka bari in gaya maka abin da ke ciki.

A ido ne kawai ta tsufa. Gangar jikin katakon alda ne, wuyan na mafal, ga farin faranti mai falle ɗaya irin na shekarun 1950. Amma idan ka ɗaga farantin za ka tarar da ɗan allon lantarki da tsohuwar Stratocaster ba ta taɓa sani ba. Maɓallan murɗawa uku ne kamar kullum, sai dai aikinsu ya canja. Na farko na ƙarar murya ne. Na tsakiya shi ake kira TBX, yana da ɗan maƙale a tsakiyarsa: ka yi ƙasa da shi sauti ya dushe kamar yadda aka saba, ka wuce maƙalen sauti ya ƙara haske. Na ukun shi ne asirin jitar. Yana ƙara kaurin tsakiyar sauti har zuwa desibel 25. Idan yana kan sifili za ka ji Stratocaster. Kana murɗa shi sama muryar tana kumbura, tana cika, har ta kusa komawa ta jitar Gibson mai fikof ɗin hambaka (fikof shi ne maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, hambaka kuma irinsa ne mai naɗi biyu). Da gangan aka yi haka. Kafin Clapton ya koma Fender, Gibson ya riƙa kaɗawa a shekarun 1960, kuma da za a yi masa tasa a 1988 ya so jita ɗaya da za ta ba shi muryoyin biyu ba tare da ya sauya ba a tsakiyar wasa.

Sannan ka sani, allon nan kullum a kunne yake, ko da maɓallin kaurin yana kan sifili. Shi ya sa ta fi sauran Stratocaster ƙarfin fita. Ni idan ina gwada ta, a wajen 7 nake ajiye ƙarar murya kafin in ji ta yi daidai da 'yan'uwanta. Kuma idan kana da tsohon fedal ɗin foz (ɗan akwatin da ake takawa ya tsage sauti) irin Fuzz Face, wanda ake rage ƙarar jita ya washe, to ba sa jituwa sosai da jita mai batir. Wannan fedal yana son ya ji fikof kai tsaye.

Abu na ƙarshe, an cusa guntun katako a bayan gadar tsirkiya, tiremolo ba ya motsi, don Clapton ba ya amfani da sandar. Ana iya cirewa, ba aiki ba ne mai wuya.

Tsohon Makaɗi:

Ɗana, kunnenka yana neman abu ɗaya, idonka yana neman wani. Sautin da ka siffanta an yi shi shekara goma sha wani abu kafin a ƙera jitar da kake so.

A 1970 da Clapton ya yi rikodin a Miami, jitar da ke hannunsa ita ce Brownie, Stratocaster ta 1956, aka haɗa ta da ɗan ƙaramin amfilifaya na Fender Champ, wanda ƙarfinsa bai wuce wat biyar zuwa shida ba. Ana ƙure wa ɗan akwatin nan murya har ya fara tsagewa, cizon da kake ji ke nan. A shekarar ce kuma ya shiga shagon Sho-Bud a Nashville ya sayi tsofaffin Stratocaster shida, ya ba George Harrison ɗaya, Pete Townshend ɗaya, Steve Winwood ɗaya, ya farke sauran ukun ya zaɓi abin da ya fi daga kowacce ya haɗa Blackie. Ya fara fitowa da ita a dandalin Rainbow na Landan a watan Janairun 1973, ya yi ta kaɗa ta har tsakiyar shekarun 1980, lokacin da wuyanta ya gaji. A 2004 aka yi gwanjonta a Christie's a kan dala 959,500, kuɗin suka tafi cibiyar Crossroads da ya kafa a Antigua don masu fama da shaye-shaye.

Ka ga duk cikin labarin nan ba batir. Fikof ne mai naɗi ɗaya da maganaɗisu da waya, shi ke nan. Har makunnin zaɓen fikof ma matsayi uku gare shi a lokacin, makaɗa ne suka gano cewa idan aka maƙale shi a tsakanin biyu wata murya mai ɗan hanci tana fitowa. Sai a 1977 Fender suka fara sa mai matsayi biyar. Da yawa daga abin da kake ji a kiɗansa na wancan zamani daga wannan tsakanin yake.

Jitar sa hannun kuwa ta Clapton ɗin ƙarshen shekarun 1980 ce zuwa yau, mai kaɗa wa dubban mutane a manyan filaye. Jita ce mai kyau, ban raina ta ba. Amma idan tambayarka ita ce wacce ta fi kusa da 1970, ni ta 1957 zan nuna maka.

Uwar Biyu:

Baba ya faɗi gaskiyar tarihi, amma a yi min afuwa, ina da ja. Ni ta Clapton ɗin nake kaɗawa, kuma ba zan ba da ita ba.

Ƙanena, fikof mai naɗi ɗaya irin na da yana da ƙugi. A ɗaki ba zai dame ka ba. Ranar da ka hau dandali mai fitilu da yawa da tsofaffin wayoyi, ka ɗaga murya, ka tsaya tsakanin waƙa da waƙa, sai ka ji amfilifaya yana ta gurnani shi kaɗai, mai kula da sauti yana harararka. Fikof ɗin Vintage Noiseless da ke cikin tawa ya kashe wannan matsalar. Na yarda akwai ɗan ƙyalli a can sama da tsofaffin suka fi shi, idan ka kasa kunne kai kaɗai za ka ji. Da zarar ganga da bes sun shigo, wallahi ba mai iya bambancewa.

Maɓallin kaurin kuma ya raba ni da ɗaukar fedaloli. Ina raka mawaƙi da shi a ƙasa, lokacin da aka sakar min fili sai in murɗa da ɗan ƙaramin yatsa, jitar ta fito gaba. Idan kai ma kana fita wasa, ka sa wannan a lissafi.

Ɗan Bes:

Wane amfilifaya kake da shi? Ba ka faɗa ba, kuma rabin amsar a nan take.

Mai Tambaya:

Ƙarami ne na tiransisto, wanda ya zo tare da jitar farko. Da niyyata in fara da jita, amfilifaya ya biyo baya.

Ɗan Bes:

To a nan nake jin tsoro. Ko wacce ka saya cikin biyun, ta wannan ɗan lasifikar za ta yi magana, kuma za ka ji kamar ba ka sayi komai ba. Da ni ne, sai in duba Vintera, waɗanda Fender ke ƙerawa a Ensenada ta Mekziko tun 2019, akwai mai ƙirar shekarun 1950 a cikinsu. Rarar kuɗin in sa a ƙaramin amfilifaya mai bawul. Haɗin nan zai kai ka kusa da abin da Baba ya siffanta fiye da jita mai tsada a kan akwatin koyo.

Masoyin Les Paul:

Ni ba ɗan gidan Fender ba ne, amma batun suna a kan jita ya shafe mu duka. Gibson da Epiphone suna sayar da samfuran Slash, makaɗin jitar ƙungiyar Guns N' Roses, iri-iri, mutane suna saya don sautin kundinsu na 1987. Alhali jitar da ya yi yawancin rikodin ɗin da ita ba Gibson suka ƙera ta ba, wani maƙeri ne mai suna Kris Derrig ya kwaikwayi Les Paul ta ƙarshen shekarun 1950, aka sa mata fikof ɗin Seymour Duncan Alnico II Pro. Brian May na ƙungiyar Queen kuwa shi da mahaifinsa suka sassaƙa tasa a gida tun daga 1963, wuyanta daga katakon tsohon murhun ɗumama ɗaki, kuma da kwabon sisi na Ingila yake kaɗa ta.

Jitar sa hannu riga ce da aka ɗinka da awon wani. Idan jikinku ɗaya, ka huta da gyara. Don haka ka rufe sunan da tafin hannu, ka karanta abin da ke cikinta, ka ga ko da ba sunan za ka so ta.

Malamin Kiɗa:

An yi maganar sauti sosai, ba a taɓo hannu ba, kuma ɗalibaina a nan suka fi yin nadama.

Duka biyun bayan wuyansu yana da ɗan tudu a tsakiya irin harafin V. Mai rataya babban yatsa a saman wuya yana jin daɗinsa, mai ajiye yatsan a baya irin na 'yan kilasik yakan ji yana tokare shi. Inda suka rabu shi ne lanƙwasar fuskar wuyan. Ta 1957 inci 7.25 ce, wato ta fi gantsarewa, da firet ('yan ƙarafan da ke gicciye a fuskar wuya) 21. Ta Clapton inci 9.5 ce, ta fi shimfiɗuwa, da firet 22. Gantsararriyar tana da daɗin kama kod a ƙasan wuya. Amma idan ka hau sama wajen firet na 15 ka ja siririyar tsirkiya sosai, alhali an kwantar da tsirkiyoyin ƙasa-ƙasa, sai sautin ya shaƙe ya mutu a hannunka, don tsirkiyar ta taɓa firet na gaba. Maganinsa a ɗan ɗaga su, wanda kuma yana ƙara wa yatsu aiki. Kai da kake kaɗa bulus, jan tsirkiya shi ne sana'arka, ka gwada wannan a kan kowacce.

Ga kuma fenti. Ta 1957 naitiro ne, siriri, yana goguwa, yana tsattsagewa da shekaru, ba ya son sauyin zafi da sanyi kwatsam, kuma robar wasu matsayan jita tana cin sa ta bar tabo. Wasu don wannan tsufan ma suke sonsa. Ta Clapton ta kasuwa fentin yuretan ne, ba ya jin wahala. Idan kana son naitiro da wuya mai shimfiɗa ba tare da batir ba, akwai ta Eric Johnson da ta fito a 2005, lanƙwasarta inci 12.

Mai Tambaya:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Yaya Uwar Biyu, na sake duba hotunan da mai jitar ya turo min, sai na ga fikof ɗinta ba su da 'yan ƙarafa shida a sama kamar na tawa. Fararen murafu ne sumul. Ko an canja su ne? Ko kuwa jabu ce?

Uwar Biyu:

Ba irin tawa ba ce ke nan. Malam Mai Gyara zai fi ni bayani.

Mai Gyaran Jita:

Wannan kaɗai ba alamar jabu ba ce. Lace Sensor ne, su aka riƙa sa wa jitar tun 1988 har zuwa 2001 da aka koma Vintage Noiseless. Ke nan tsohuwar fita ce, ta haura shekara ashirin. Muryarsu ta fi santsi da laushi, suna ɗaukar maɓallin kaurin da kyau, akwai masu neman su musamman. Amma sun fi na yanzu nisa da wancan siririn cizon da ka ce kana so, gara in faɗa maka tun yanzu.

Tunda ta kwana biyu, kada ka biya a kan hoto. Ka je da kebul ɗinka da sabon batir. Ka duba firet na farko zuwa na biyar ko tsirkiya ta haƙa musu rami, don firet ɗinta sirara ne, suna saurin cinyewa, kuma sauya su a wuyan mafal aiki ne mai cin kuɗi. Ka ɗaga ta ka hango wuyan daga kai zuwa gindi ko ya murɗe. Ka nemi mai ita ya nuna maka sandar daidaita wuya tana juyawa. Ka murɗa maɓallan uku a hankali kana saurare ko suna ƙarce. Ka sa ya buɗe murfin baya, ka ga allon da batir suna nan, wurin bai yi tsatsa ba, ka kuma rubuta lambar jitar ka binciki shekararta.

Mai Tambaya:

Na gode Malam. Zan je in gwada ta, in kuma gwada ta 1957 da Vintera a kan amfilifaya mai bawul ɗaya, kamar yadda Ɗan Bes ya ce. Tambaya ta ƙarshe: idan batir ya mutu ana cikin wasa, jitar tana ci gaba?

Mai Gyaran Jita:

Ba ya mutuwa farat ɗaya. Za ka fara jin murya tana raguwa tana tsagewa ko ba ka taɓa komai ba, daga nan ta ɗauke, don duk sautin ta cikin allon yake bi. Kebul ne makunninsa: muddin yana soke a jikin jitar batir yana ci, ko amfilifaya a kashe yake. Ka riƙa zare shi idan ka gama, ka ajiye batir ɗaya da ƙaramin sukudireba a cikin akwatin, don sai an kwance notikan murfin baya kafin a kai gare shi.