Yayana ya rasa ganinsa, yanzu kuma firgici ya hana shi fita daga ɗaki

Mai tambaya, daga Agege:

Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan yayana, wanda ya shafe shekaru yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas kafin hawan jinin ido ya tafi da ganinsa gaba ɗaya. Da farko ya karɓi ƙaddara, har yana zuwa masallaci da ɗan jagora. Wata rana da damina yaron ya bar shi a bakin titi domin ya karɓo canji, wani mai okada ya buge shi ya faɗa cikin kwalbati, kuma a cikin waɗanda suka taru don ciro shi aka zare masa waya da kuɗin aljihunsa. Raunin ƙafarsa ya warke tun watanni biyar da suka wuce, amma har yau ba ya yarda ya taka waje, yana zabura cikin dare yana gumi, kuma da ya ji ƙarar babur sai jikinsa ya ɗauki rawa. Manyanmu suna cewa ƙarancin tawakkali ne, wasu suna cewa iska ce. Me ya kamata mu yi?

Wani mai lalurar gani, daga Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ni makaho ne, a wayata nake sauraron abin da ka rubuta ta hanyar TalkBack, manhajar da ke karanta wa makafi rubutun waya da murya, kuma na daɗe ban ji labarin da ya taɓa ni kamar wannan ba. Mai ido idan hatsari ya same shi yana ganin abin da ya buge shi da inda ya fito, saboda haka yana iya kiyaye wurin nan gaba. Mu kuwa sauti kawai muke riƙewa, da wari, da hannayen da suka taɓa mu, don haka kowane babur da ya wuce shi ne babur ɗin ranar. Ina kuma kyautata zaton satar ta fi faɗuwar yi masa ciwo, domin makaho a Legas da amanar mutane yake tafiya: kwandastan danfo, wato motar bas ta haya, ne zai faɗa masa tasha, mai shago ne zai ƙirga masa canji. Idan hannun da ya zo da sunan taimako shi ne ya shiga aljihu, wa kuma zai yarda da shi?

Ku daina taɓa shi ba tare da kun fara magana kun faɗi ko su wane ne ba, kuma kada ku sauya wa kayan ɗakinsa wuri. Idan za ku fita, shi zai riƙe gwiwar hannunku, kada ku ja shi da riga. Ni ban dawo da ƙarfin zuciyata ba sai da na koyi tafiya da farar sanda, kuma akwai cibiyar koyar da makafi sana'a a Oshodi, ta ƙungiyar Federal Nigeria Society for the Blind, wadda manya ake karɓa a cikinta.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Malam, alamomin da ka lissafa, wato munanan mafarkai, guje wa duk abin da ke tuna masa da ranar, da saurin razana, idan suka wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa, likitoci suna duba yiwuwar ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda ake kira PTSD. Likita ne zai tabbatar, amma ciwo ne da ake magancewa, galibi ta hanyar zama da ƙwararre a yi ta tattaunawa mataki-mataki, wani lokaci a haɗa da magani. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na LUTH da LASUTH. Ku tambaye shi a hankali ko yana tunanin cutar da kansa, domin tambayar ba ta jefa tunanin a zuciya, kuma idan ya amsa da e, ku kai shi a ranar.

Game da batun iska: wasu da ganinsu ya tafi suna ganin siffofin mutane ko zane-zane da babu su, alhali hankalinsu lafiya lau. Ana kiran wannan lalurar Charles Bonnet, kuma mutane da yawa suna ɓoye ta don tsoron a kira su mahaukata. Kai da sauran 'yan'uwa kuma ku je a auna idanunku, domin hawan jinin ido yana bin dangi kuma ba ya yin sallama.

Wani dattijo, daga Ebute Metta:

Yaro, ka gaya wa manyanku, cikin ladabi, cewa haƙuri da neman magani ba kishiyoyi ba ne. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa wanda aka jarrabe shi da rasa idanunsa ya yi haƙuri, sakamakonsa Aljanna, amma ba a ce a zarge shi idan jikinsa ya yi rawa ba. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, yana kiran salla, kuma Annabi (SAW) ya sha barin sa ya kula da Madina. Abin da na gani da idona a unguwarmu shi ne, idan aka ajiye magidanci a ɗaki aka daina shawara da shi, wannan ya fi makantar karya shi. Ku mayar masa da lissafin cinikinsa ko da daga gida ne, abokan kasuwarsa su riƙa zuwa suna tambayarsa farashi.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya na karanta masa amsoshinku, ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce shi ma satar ce ba ta barin sa barci, abin da bai taɓa faɗa mana ba. Ya yarda mu je Yaba ranar Litinin, da sharaɗin mu ɗauki tasi daga ƙofar gida, kuma ni zan riƙa faɗa masa duk inda muka kai a hanya.