Abin Da Muka Tsinta a Muhawara Kan Rikicin Ireland ta Arewa

Mun daɗe ana kai ruwa rana kan ko ɗaukar makamin da ƙungiyar IRA ta yi don ƙwace Ireland ta Arewa daga hannun Birtaniya a haɗe ta da sauran Ireland yana da hujja. Ba a cimma matsaya ba, amma an ba da shawarwari ga mai son yanke hukunci.

Aka ce kada a fara da bom, a fara da wariyar da aka nuna wa Katolika wajen gidaje, aiki da zaɓe. Ranar 30 ga Janairu 1972 sojojin Birtaniya suka harbe fararen hula 13 a birnin Derry, matasa suka yi ta kwarara cikin IRA.

Sai dai wani dattijo ya ja kunnenmu: a ƙirga gawa. Rayuka kusan 3,500 suka salwanta, fiye da rabi fararen hula. A garin Enniskillen, 1987, mutum 11 bom ɗin IRA ya kashe nan take suna tsaye wurin tunawa da mamata. Ni dai nan bakina ya mutu.

Kada kuma a manta da UVF da UDA, ƙungiyoyin masu ɗaukar makami da ke son a ci gaba da zama da Birtaniya, su ma sun zubar da jini. Sannan a kwatanta yarjejeniyar raba mulki ta Sunningdale ta 1973 da yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998, a ga me shekaru 25 na wuta suka ƙara.