Mai yana biyo iska daga kwamfureso zuwa tiyon hura taya, yaya ake raba shi da layin?

Sabon_Bakanike:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar iska. Kwamfureso ne mai fistin biyu, irin wanda ake zuba wa mai, tankinsa lita 200, yana yankewa idan matsin iska ya kai PSI 145. Tiyon roba mita 15 ne a haɗe da bakin tanki, tsakaninsu akwai rigileta mai daidaita matsin iska da ƙaramar kwalbar tare ruwa. Da wannan tiyon ake hura taya, da shi kuma ake amfani da bindigar kwance noti. Yanzu bakin tiyon kullum a jiƙe yake da maiƙo, idan an matsa kan hurawa sai a ga feshi mai ruwan ƙasa-ƙasa, geji ma ya fara maƙalewa. Shin wannan man yana cutar da taya, ko ƙazanta ce kawai? Wace irin filta ce ke tare shi? Tiyon kuma, wankuwa yake yi ko sai an sayi sabo?

Injiniya_Iska:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka sayi filta ka fara gano dalilin da ya sa kwamfureson ke zubo mai da yawa haka. Kowane kwamfureso mai fistin yana sakin ɗan mai a cikin iska, wannan ɗabi'arsa ce. Amma idan har ya kai ga feshi a bakin tiyo mai tsawon mita 15, to akwai abin da ya lalace ko aka yi ba daidai ba, kuma filtar da za ka sa ba za ta daɗe ba za ta cika.

Fara da madubin duba yawan mai da ke jikin injin. Idan an cika man ya wuce tsakiyar madubin ko alamar da ke jiki, sandar fistin tana watsa mai fiye da yadda ringi za su iya sharewa. Rage shi zuwa alama. Sai filtar shaƙar iska da ke kan silinda: idan ƙura ta toshe ta, fistin yana sauka bai samu isasshiyar iska ba, sai ya tsotso mai daga ƙasa ta gefen ringi. Wannan ne dalilin da aka fi mantawa da shi, kuma shi ne mafi sauƙin gyara. Duba kuma irin man da aka zuba. Baƙin man mota yana da sinadaran wanke inji, yana kumfa, yana barin gawayi a kan bawul ɗin kan silinda. Man kwamfureso ake so, yawanci mai lambar kauri ISO 100 ko SAE 30 marar sinadarin wanki, sai dai in littafin injin ya ce wani abu daban. A tabbata injin yana zaune daidai, bai karkata ba, kuma ramin numfashi na ma'ajiyar man injin bai toshe ba. Idan duk waɗannan lafiya lau, amma mai yana raguwa a madubi da sauri, tankin kuma yana ɗaukar lokaci fiye da da kafin ya cika, to ringi ne suka cinye ko jikin silinda ya karce. A nan sai an kwance kai an sauya ringi da gasket.

Sai maganar tacewa. Mai yana tafiya cikin iska ta hanya uku: ruwa-ruwa yana bin jikin bututu, ko feshi mai ƙanƙanta da ido ba ya gani, ko kuma tururi. Kwalbar da ke jikin rigiletarka tana juya iska ne ta jefar da manyan ɗigo, matatarta kuma yawanci maikiron 5 ce zuwa 40 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Feshin mai galibi bai kai maikiron 1 ba, saboda haka wucewa yake yi abinsa. Abin da ke kama shi shi ne filtar kowalesin, wadda cikinta zaren gilashi ne mai laushi ƙwarai. Iska tana shiga ta tsakiya ta fita ta gefe, ƙananan ɗigon suna maƙalewa a zaren, suna haɗuwa su yi nauyi, su gangara gindin kwalba. Nemi mai maikiron 0.01. Mai kyau daga cikinsu tana sauke feshin mai zuwa kusan miligiram 0.01 a kowace kubik mita ta iska.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan yawancin mutane ke asarar kuɗinsu. Wannan adadin a iska mai sanyi ake auna shi, wajen digiri 21. Iskar da ke fitowa daga kan fistin tana iya wuce digiri 150, kuma idan injin yana aiki ba hutu, tankin ma ɗumi yake yi. A cikin zafi wani kaso na man da ruwan tururi ne, kuma sa wa tururi filtar kowalesin daidai yake da tare hayaƙi da rariya. Zai wuce, ya je ya huce a cikin tiyo, ya koma mai a can. Don haka kada a ɗaura filtar a bakin tanki. A ja bututun ƙarfe, na jan ƙarfe ko alminiyom ko galbanaiz, mita 7 zuwa 8 a jikin bango, ko da a lanƙwashe ne sama da ƙasa idan wurin ya yi kaɗan. A karkata shi kamar santimita 1 a kowace mita zuwa inda iska ta nufa, a ƙarshensa a saukar da guntun bututu a tsaye mai famfo a gindi don zubar da abin da ya taru. Reshen da zai je wurin taya a ɗauke shi daga saman babban bututun, ya lanƙwaso ya sauko, don abin da ke kwance a ƙasan bututu kada ya bi shi. Tsakanin tanki da bututun bango a sa guntun tiyo mai jure zafi da matsi, saboda girgizar inji tana tsaga haɗi.

Usta_Mai_Faci:

Injiniya ya gama da ɓangaren inji, bari in amsa ta taya da tiyo. Yana cutarwa, ɗan'uwa, amma a hankali. Shimfiɗar cikin tayar tubles da tiyub yawanci robar butil ce, tana riƙe iska da kyau amma ba ta jure man fetur da danginsa. Mai yana kumbura ta, ta yi laushi. Hurawa ɗaya ba za ta kashe taya ba, sai dai tayar da ake ƙara wa iska daga wannan tiyon wata da watanni tana tara shi. Inda za ka fara gani shi ne wurin faci: sholisho ba ya kama wurin da ke da maiƙo, facin sai ya ɗago ta gefe bayan taya ta ɗau zafi a hanya. Robar da ke cikin allurar bawul ma tana kumbura, ƙura ta manne mata, bawul ya riƙa sakin iska kaɗan-kaɗan. Motocin da ke da na'urar auna iska a cikin taya kuma, ramin na'urar ƙarami ne, mai da datti suna toshe shi.

Tiyo, a ganina, a sauya shi. Robar cikinsa ta sha mai, ko an wanke za ta ci gaba da tsatso shi, musamman idan rana ta buge ta. Tsohon a bar wa bindiga, ita dama mai take so. Wanda dole sai ya wanke, to ya sauke iska gaba ɗaya, ya cire tiyon, ya kwance kawunan haɗi, ya ɗura ruwan ɗumi da sabulun ruwa na wanke kwanuka, ya toshe baki biyu ya jijjiga, ya zubar. A maimaita har ruwan ya fito ba maiƙo, a ɗauraye da ruwa zalla, a rataye shi baki ƙasa ya tsane, sannan a busa masa iskar da ta bi ta filta na wasu mintuna, an ɗaure bakinsa da kyau don kada ya yi bulala.

Fetur, kananzir, tina, feshin wanke birki ko kafireto, ko kusa kada su shiga tiyo ko tanki. Tururinsu zai bi iska ya shiga taya, kuma taya cike da iska mai matsi da tururin fetur tartsatsi kaɗan ko zafin birki take jira ta fashe.

Gwaji mai sauƙi bayan an gama: riƙe farar takarda kamar taƙi ɗaya daga bakin tiyo, a sakar mata iska a hankali na minti ɗaya, a ajiye ta bushe. Ruwa yana bushewa ba ya barin komai. Mai yana barin tabon da haske ke ratsawa idan aka ɗaga takardar.

Sabon_Bakanike:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. An duba, man ya wuce alama, filtar shaƙa kuma ta yi baƙi ƙirin. Injiniya, idan an ja bututun, wanne ke fara zuwa, filta ko rigileta? Kuma wani ya ce sai an haɗa da filtar gawayi, gaskiya ne?

Injiniya_Iska:

Jerin shi ne: famfon rufewa, kwalbar tare ruwa mai maikiron 5, filtar kowalesin mai maikiron 0.01, rigileta, sannan tiyo. Ta maikiron 5 ɗin ita ke kare mai tsadar, domin tsatsar tanki da ruwa mai yawa suna toshe zaren gilashin nan da nan. Filta tana zuwa kafin rigileta ne saboda a matsi mai yawa iska a dunƙule take, tana ratsa filtar a hankali, tacewar ta fi kyau. Kowacce akwai kibiya a kanta, a bi ta, kuma a ɗaura su a tsaye, kwalba tana kallon ƙasa. Idan aka juya kowalesin baya, man da ta tara cikin layi zai koma.

Girma kuma da yawan iskar da za ta iya wucewa ake zaɓa, ba da faɗin zaren bakinta kaɗai ba. Duba lita nawa a minti aka rubuta a jikin kwamfureso, ka ɗauki wadda ta fi haka da rata mai kyau. Dalili: lokacin da aka cire allurar bawul don taya ta hau rim, iskar da ke fita daga tanki a lokaci guda ta fi abin da fistin ke bayarwa nesa ba kusa ba. Ƙaramar filta a irin wannan gudun sai iska ta kwashe man da ya taru a jikinta ta wuce da shi.

Cikin kowalesin ba a wanke shi, ba a busa shi, sauyawa ake yi. Idan tana da alamar bambancin matsi, a sauya da ta shiga ja, ko bambancin gaba da baya ya kai PSI 10. In babu alama, sau ɗaya a shekara. Kwalbar kuma a riƙa zubar da ita kafin abin da ke ciki ya taɓa gindin matatar, ko a sayi mai zubarwa da kanta.

Gawayi tururin mai da wari yake kamawa. Masu fenti da masu sarrafa abinci su ke buƙatarsa. A ma'aunin tsabtar iskar kwamfureso na ISO 8573-1, aji na 1 na mai shi ne miligiram 0.01 a kubik mita har da tururi, aji na 2 kuma 0.1, na 3 miligiram 1. Hura taya bai kai ga neman aji na 1 ba. Ga shi gawayin yana cika ba tare da ya nuna wata alama a geji ba, sai mutum ya zaci yana aiki alhali ya daina.

Hajiya_Injiniya:

Na yarda da maganar gawayi, amma akwai abin da ba a tambayi mai tambaya ba. Malam, bindigar nan yaya ake ba ta mai? Idan akwai kwalbar ɗiga mai a layin, ko ana ɗiga mai a bakin tiyo maimakon bakin bindigar, to wani kaso na maiƙon ba daga kwamfureso yake ba, da hannu ake zuba shi. Kwalbar ɗiga mai tana kama da ta tare ruwa, sau da yawa a haɗe suke zuwa da rigileta, mutane su ɗauka duk filta ce. Ana gane ta da ɗan madubi da maɓallin juyawa a samanta. Layin taya dole ya rabu kafin ita. Reshe biyu, tiyo biyu masu launi daban, kuma in da hali kawunan haɗinsu su zama iri daban yadda na bindiga ba zai shiga na taya ba. Rubutu a bango ba ya hana mai sauri ɗaukar tiyon da ya fi kusa da hannunsa. Kan hurawa da gejin da suka riga suka sha mai su ma a wanke su ko a sauya, in ba haka ba gwajin takarda zai ci gaba da nuna tabo a ɗora wa sabuwar filta laifi.

Bututun bango kada a yi shi da PVC na ruwa. Mai da zafi suna gajiyar da shi, kuma idan ya fashe da iska a ciki tarwatsewa yake yi da kaifi. Kwalaben filta masu haske kuma yawanci robar folikabonet ce, wadda tina da wasu man kwamfureso na sintetik ke tsattsagawa. Ruwa da sabulu kawai ake wanke su da shi. A ɗauki mai kwalbar ƙarfe, ko aƙalla mai garkuwar ƙarfe a kewaye.

Usta_Mai_Faci:

Hajiya ta taɓo wurin. Ƙari ɗaya: tankin kansa. Bayan an gyara ringi ko an rage mai, abin da ya taru a gindin tanki zai ci gaba da biyo iska na wani lokaci. A sauke matsi zuwa kamar PSI 20 ko 30, a buɗe famfon gindi a hankali har ruwan nan mai fari-fari da kauri ya ƙare, kuma a riƙa yin haka kowace rana bayan tashi daga aiki. Idan an buɗe ba abin da ya fito, kada a ce tankin a bushe yake, galibi tsatsa ce ta toshe ramin. Sai a kashe inji, a cire wuta, a sauke iska har geji ya koma sifili, sannan a kwance famfon a share. Abin da aka tara a zuba a jarka tare da tsohon baƙin mai, kada a sake shi a ƙasa ko a kwata. Bututun da ya taso daga kan silinda zuwa tanki da bawul ɗin hana iska komawa su ma a kwance a duba, domin man da ya ƙone yana daskarewa a cikinsu ya rage hanya, injin ya ƙara zafi, ya ƙara zubo mai.