Shugabancin ɗalibai a badujalar makaranta: abin da aka tattauna

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawarar da aka yi kan yadda za a fitar da shugabannin badujalar makaranta cikin ɗalibai:

1. Kusan kowa ya yarda kada a ba ɗalibi sandar jagora don tsayinsa kawai. A duba mai kunnen kiɗa, domin in ya kuskure taku, fareti ya watse.
2. Masu ganga da nasu shugaba, masu begila da nasu.
3. A samu mai kula da kaya, ya ƙirga sandunan ganga bayan kowane atisaye. Nan aka fi kuka, wallahi.
4. Inda aka rabu: wasu sun ce malami ya naɗa, wasu ɗalibai su zaɓa. Da yawa sun fi son 'yan SS2, tunda jarrabawar WAEC kan janye 'yan ajin ƙarshe daidai lokacin shirin faretin Ranar Yara, 27 ga Mayu.