Jak daban, matokari daban: mu raɗa wa ƙarfen nan suna

1/ 'Yan'uwa, kalma ɗaya nake so mu tsayar: sunan ƙarfen da ake ajiye mota a kansa bayan an ɗaga ta da jak. Ranar Juma'a bayan la'asar na tarar da ɗan yayata a ƙofar gida, nan Shari' Mansur a Makka, ya cire tayar gaban Camry zai canza fahamat ɗin burki (wato brake pad). Kansa da kafaɗarsa na cikin ramin taya, motar kuwa ba abin da ke riƙe da ita sai siririn jak ɗin nan da ke zuwa a but. Na ce, "Kai, fito! Ina..." sai bakina ya tsaya, don ban san sunan abin da Hausa ba. Ya ce, "Kawu, ai ga jak nan."

2/ Amsar nan tasa ta hana ni barci. Abu biyu ne muka haɗa wa suna ɗaya. Jak aikinsa ɗagawa. Na but an yi shi ne don canjin taya a bakin hanya. Jak mai aiki da mai kuwa, wanda ake kira ifrita a nan Makka, da mai da 'yan robobi yake riƙe nauyi, kuma ran da roba ta saki, ba sallama mota za ta sauko. Camry ta kai kimanin tan ɗaya da rabi. Ɗayan ƙarfen, mai faɗin gindi da baki kamar sirdi, shi ake ajiye motar a kansa bayan an ɗaga.

3/ Makanikan Sina'iyya (unguwar garejoji) suna ce masa jahash da Larabci, wato ɗan jaki. Sunan ya dace, mai ɗaukar kaya ne. Amma in muka ce "jaki", kunne zai ji "jak", mun koma gidan jiya.

4/ Wani dattijo a majalisarmu ya ce gwafa. Na so kalmar, don bakin ƙarfen kamar na gwafa yake. Sai dai duk wanda ya ji gwafa, itace zai hango, ni kuwa abin da nake gudu ke nan: yaro ya ɗauko guntun katako ko bulon siminti ya cusa. Bulo mai rami farfashewa yake yi lokaci guda. Madogara kuma ta riga ta tafi wajen hujja da magana.

5/ Ni dai na tsaya a kan matokari, jam'i matokarai. Daga tokare, yadda ake tokare katangar da ta rusuna ko ƙofa. Ba sai an yi wa kowa bayani ba, kuma tana ba da umarni kai tsaye: "Ka ɗaga, to ka tokare?"

6/ Da ita na sake koya wa yaron aikin. Ka sami daɓen siminti mai lebur, don kwaltar Makka da zafi laushi take yi, ƙafar matokari ta nutse. Ka sa weji a tayoyin da ke ƙasa. In burkin baya za ka taɓa, dole ka saki burkin hannu, weji a tayoyin gaba ne kawai zai hana ta gangarawa. Ka sassauta notuna tun taya na ƙasa, ka ɗaga, ka sa matokari a gurbin da littafin motar ya nuna, ka sauke nauyin a kansa a hankali. Tayar da ka cire ka kwantar da ita ƙarƙashin gefen motar. Sannan ka girgiza motar da hannu biyu kafin ka miƙa ko yatsa.

7/ Wajen saye, tan 2 ko tan 3 da aka rubuta a jiki galibi ƙarfin matokarai biyu ne a haɗe, ba na ɗaya ba. In ka sami mai fil ɗin kulle, shi na fi so.

8/ 'Yan'uwanmu na Jidda da Madina, da na Sudan, in akwai sunan da makanikan Hausawa suka riga suka saba da shi a wajenku, ku faɗa mini, zan bi naku. Ɗan yayata dai jiya ya bugo mini waya daga shagon kayan mota, ya ce, "Kawu, matokaran tan nawa zan ɗauka?"