Neman shawara: ma'aunin juyin Faraday ya ƙi zama wuri guda

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina master na fizik a nan Yamai, aikina a kan wani ƙaramin tushen igiyar rediyo ne da ke tsakiyar wata galaksi mai nisa. Na samu awon alƙiblar igiyar a tsawon santimita 6 da 20 daga tsofaffin bayanan VLA, babbar na'urar hangen igiyar rediyo da ke Amurka. Duk lokacin da na lissafa RM, wato ma'aunin juyin Faraday mai nuna yawan juyawar da alƙiblar ke yi a kan hanya, sai amsa ta bambanta, kuma a santimita 20 alƙiblar ta kusa ɓacewa. Sati uku ke nan ban samu barcin kirki ba. Kuskurena ne, ko in sauya tushen?

Malamin fizik daga Tawa:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka sauya. Awo biyu ba su isa ba. Kusurwar alƙiblar tana juyawa ne daidai da RM sau tsawon igiya linkin kansa, kuma na'ura ba ta bambanta kusurwa da wadda ta ɗara ta da digiri 180. Tsakanin santimita 6 da 20, duk ƙarin kusan 86 rad/m² a kan RM zai ba ka amsar da ta yi kama da gaskiya. Nemo awo na uku da na huɗu, musamman santimita 3.6 da 2.

Wata ɗaliba mai doktora:
Malam ya faɗi gaskiya. Ni ɓacewar nan ce ta ja hankalina, ƙanena, don ita ce zinariyar aikinka. Irin waɗannan ƙananan tushe suna cikin iskar gas ta galaksinsu, mai cike da elektron da maganaɗisu a hargitse. Wani sashe ya juya igiyar dama, wani hagu, idan suka haɗu a idon na'ura sai su kashe juna. Wani masani mai suna Burn ya yi bayaninsa tun 1966. Duba ka gani: RM na 1000 juyin kusurwa ne na radiyan 40 a santimita 20, fiye da zagaye shida, amma a santimita 2 bai wuce 0.4 ba. Ka zana yadda ƙarfin alƙiblar ke raguwa da tsawon igiya.

Wani ɗan ajinmu:
Abokina, kar ka manta da kason juyin da galaksinmu ke ƙarawa, cire shi da kundin awon RM na Taylor na 2009. Ka kuma gwada lissafinka a kan 3C 286, tushen igiyar rediyo da ake gwada na'ura da shi, RM ɗinsa kusan sifili ne.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Malam, Yaya, na gode. Da 3C 286 zan fara yau da dare.