Musayar waƙa: Wa ke bin Malam kurkusa?

Baba Dattijo:
Salama, 'ya'yana. Ga baitukana kan almajiranci, mai amsa ya amsa.

A ƙasar Yahudawa, in za ka koyi Attaura,
Malam in ya miƙe, kai ma sai ka zabura.
Yose ɗan Yo'eza ya faɗa, ku saurara:
Ka buɗe wa masana zaurenka, ka gyara,
Ka zauna gun ƙafarsu har ka sha ƙura,
Ka sha maganarsu kamar mai ƙishi a bazara.

Maganar tana cikin Mishna, wato koyarwar Yahudawa wadda malamansu suka tattara wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu. Shi kuwa Yose, ɗaya daga malamansu na dā, ya riga Yesu zuwa duniya da fiye da shekara 100.

'Yar Zumunta:
Sannu Baba, bari in sa baki a madadin mata:
A Betanya akwai gidan Maryamu da Marta,
Marta na madafa, hidima ta sha kanta,
Maryamu na gun ƙafar Yesu, ta kasa kunnenta,
Mazaunin almajirai ta zaɓa wa ranta.
Da Marta ta kai ƙara, ya kare 'yar'uwarta,
Ya ce rabo mai kyau ne, ba mai ƙwace mata.

Ɗalibin Tauhidi:
Mama kin faɗi daidai, ga wani abin dubawa:
A Urushalima Bulus ya tashi, Gamaliyel ke koyarwa,
Bisa al'ada ɗalibi ke zuwa neman karɓuwa.
A bakin Tekun Galili kuwa Yesu ne mai zuwa,
Bitrus da Andarawus taru suke jefawa,
'Ya'yan Zabadi na jirgi, nasu suke gyarawa,
"Ku bi ni," ya ce, suka tashi ba jinkirtawa.

Ɗan Ƙungiyar Mawaƙa:
Baba, ina da tambaya, ta daɗe tana cin raina.
Wani fasto na bi, na ba shi duk ƙarfina,
Jakarsa ni ke ɗauka, motarsa na wanke da hannuna.
Na tambayi lissafin baiko, ya ce in san matsayina,
Wai Elisha bai musa wa Iliya ba, in kama bakina.
Tun ran nan benci na ƙarshe ya zama mazaunina.
Wannan ne bin da ake nufi, ko an raina hankalina?

Baba Dattijo:
Kai, ɗana, wannan ta taɓa ni.

Gaskiya Elisha ya zuba wa Iliya ruwa a hannunsa,
Ya yanka shanun huɗa, ya dafa da karkiyarsa,
Amma sau uku aka ce ya tsaya, ya ƙi rabuwa da ubangidansa,
Daga Gilgal zuwa Betel, har Yariko yana bayansa,
Sai da suka haye Urdun ya roƙi rabo biyu na ruhunsa.
To wa ya ce almajiri ba ya buɗe bakinsa?
Bulus ya ce ku yi koyi da ni, ya ɗora sharaɗinsa:
Yadda nake koyi da Almasihu, iyakar izininsa.
Yesu, Malamin da ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa,
Shi za ka auna fastonka da shi, ka ga ko yana kan sawunsa.
Kuɗin baiko na ikilisiya ne, dattawa su ga lissafinsa,
Ka kai musu maganar da ladabi, kada ka zage shi a bayansa.

'Yar Zumunta:
Ɗana, bencin ƙarshen nan ne bai kwanta mini ba.
Daren da aka kama Yesu, Bitrus bai daina bi ba,
Daga nesa dai ya bi, bai matso kusa ba,
Yana jin wuta a tsakar gida ya ce bai san shi ba.
Bayan tashi daga matattu Yesu bai kore shi ba,
Ya sake ce masa "bi ni", bai tone tsohon laifi ba.
Fasto ne ya ɓata maka, Yesu bai ɓata maka ba,
Ran Lahadi ka dawo layin mawaƙa, ba mu ba kowa kujerarka ba.